Ranar da Ƙyallen Makoki Ya Shiga Rawa

Palmarito, 4 ga Disamba, 1978

Ƙanwata Zenaida,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Mama da 'yarki Dilia. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya a Maracaibo, kuma hannun nan naki da sabulun matar gidan da kike aikatau ya cinye ya warke. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Rani ya kama sosai, kogi ya janye har yara na tsallakawa tsibiri da ƙafa, kifi kuwa ya yi arha har kuliyarmu ta fara zaɓe.

Yanzu ki jingine tsintsiyar nan ki zauna, don labarin da zan ba ki ba na tsaye ba ne. An zaɓi Dilia ta ja 'yan matan rawa ranar bikin Candelaria, bikin nan na Uwa Maryamu da ake kunna kyandir. Ita ce a gaba, ita za ta fara shiga fili da damin kyandir a hannu. Tsohuwa Otilia da ke koya musu ta ce tun bayan tafiyarki ba ta ga yarinyar da ƙugunta ke jin ganga haka ba. Na ce mata ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai kin sani, Allah bai ba ni ƙafa ba, hannu ya ba ni. Yarinyar da kika bari da giɓi a baki, yau sai na ɗaga kai nake yi mata faɗa.

To ga inda gizo ke saƙar: siket. Wadda ke gaba sai da siket mai faɗi, wanda in ta kama bakinsa ta ɗaga hannu zai buɗe ya bi ta. Yadin da kika yi alkawari tun Ista, ki turo shi kafin shekara ta fita, don keken ɗinkina tsoho ne, ba ya son a gaggauta shi, ni ma haka.

Baldomero direba na ƙofa yana ta danna hon, kin san shi da rashin haƙuri, shi zai kawo miki wannan. Mama na gaishe ki. Ba ta cin abinci sosai kwanan nan. Jiya ma ta sa na buɗe adaka na fito da farin ƙyallen tebur, ta ce in wanke shi in sa sitaci in goge, tana so ta gan shi a shirye.

Yayarki,
Edelmira


Maracaibo, 17 ga Disamba, 1978

Yaya Edelmira,

Na sami takardarki. Ina lafiya, hannu ya yi sauƙi. Ki gafarce ni, gaisuwar tawa gajera ce yau, don ba ni da natsuwa.

Yaya, me kike ɓoye mini? Kin cika takarda da kifi da kuliya, sannan can ƙasa, inda kike zaton idona ba zai kai ba, kin sa cewa Mama ba ta cin abinci, kuma ta ce a goge farin ƙyalle. Ni yarinya ce? Wa bai san ƙyallen nan ba a Palmarito? Ba a taɓa cin abinci a kansa ba. Ba ya barin adaka sai an yi mutuwa, a shimfiɗa shi a tebur, a ɗora hoton mamaci da kyandir da kofin ruwa, a yi kwana tara ana addu'a. Duk gidan da aka yi rashi a layinmu, gidanmu ake zuwa aro. A kansa aka ɗora hoton Baba. A kansa aka ɗora hoton Jacinto, mijina, da kogi ya cinye shi. Kuma tun muna yara Mama ke cewa hotonta ne na ƙarshe da za a ɗora a ƙyallen nan.

A kicin na karanta, na ƙona wa matar gida shinkafa. In Mama na kwance ne ki faɗa mini in taso. Kin san ba ni da takardun zama a ƙasar nan, in na tsallaka iyaka ba lalle in iya dawowa ba, amma oho, uwa ɗaya gare ni.

Batun Dilia kuwa na yi kukan murna, sai dai kukan ya gauraya da wancan. Yadi na saya tuni. Ja ne, mai manyan furanni rawaya, ba a taɓa ganin irinsa a garinmu ba. Ban ba Baldomero ba, don masu tsaron iyaka sun sa wa motarsa ido, takarda kawai yake yarda ya sa a aljihu. Wata mata 'yar wajenmu da za ta gida Kirsimeti na ba, zai riga sabuwar shekara isowa.

Ki rubuto mini gaskiya, don Allah.

Ƙanwarki,
Zenaida


Palmarito, 9 ga Janairu, 1979

Zenaida, uwar matsorata,

Barka da sabuwar shekara. Duk muna lafiya. Na karanta wa Mama takardarki, ta yi dariya har sai da na bubbuga mata baya. Ta ce in gaya miki, wadda kike shirin binnewa ta cinye kifi biyu da rogo ranar Kirsimeti, ta kuma nemi kan na uku. Ki zauna inda kike, kada ki tsallaka ko'ina. Rabin magana na rubuto miki, Baldomero ya hana ni sakat, kuma a lokacin ni kaina ban san abin da tsohuwar ke ƙullawa ba.

Yadinki bai iso ba. An ce matar ta tsaya wajen 'yarta da ta haihu a wani gari, ba wanda ya san ranar tasowarta. Dilia kuwa duk aka ji ƙarar mota sai ta leƙa. Otilia kuma ta fara cewa in babu siket, dole a ba jikar mai kantin magani gaba.

Ranar Lahadi bayan mun dawo coci Mama ta ce in shimfiɗa farin ƙyallen a tebur. Na shimfiɗa. Sai ta miƙo mini almakashi.

Na ce, "Mama, me zan yi da wannan?"

Ta ce, "Aski za ki yi mini. Yanka shi mana, ki ɗinka wa yarinya siket."

Na ce, "Naki fa? Ba kin ce shi za a shimfiɗa miki ba?"

Ta ce, "Ke, in na mutu gani zan yi? Shekara arba'in ina wanke shi ina gogewa, bai taɓa jin komai ba sai kuka. Ina so in gan shi a fili tun ina da idon gani."

Na kasa yankawa, wallahi. Sai ta fizge almakashin ta yanka da kanta, yanka karkatacce, ta ajiye ta ce, "To, ya lalace. Gyara."

Zenaida, ba yabon kai ba, zo ki ga aiki. Na fara da ɗigon kyandir na shekara da shekaru, na bi su ɗaya bayan ɗaya da takardar burodi da dutsen guga har suka narke suka fita. Na yanka shi yadda aikin zaren da Mama ta yi tana amarya, furannin nan farare na gefe, zai faɗo daidai bakin siket, ban taɓa ko ɗaya ba. Faɗin bai ishe ni ba, sai na farke rigunan filo biyu na sa su ta gefe, ɗinkin ya ɓace cikin tattara, sai wanda aka faɗa wa zai sani. Shafi kuwa buhun fulawa ne, na dafa shi na shanya, na sake dafawa, har rubutun ya gudu. Ba nauyi ko kaɗan, iska na ratsa shi, daidai da zafin nan. A ƙugu ban sa maɓalli ba, zariya na zura, don yarinyar ba ta gama girma ba. Tabon ƙunar nan da kika sani, na daren ƙarshe na makokin Jacinto da kyandir ya faɗi, na tura shi can baya cikin tattarar ƙugu, ba mai gani.

Jiya ta gwada a tsakar gida. Juyi ɗaya ta yi, kaji suka watse. Mama ta ce, "Ɗaga hannu, ke ba tulu kike ɗauke da shi ba." Ta ɗaga. Ni kuwa na tsaya da allura a baki ina jin kaina kamar wadda ta gina coci. Ba mu nuna wa kowa ba, har Otilia, sai ranar.

Naki jan in ya iso za a yi mata riga, ba asara.

Yayarki mai hannu,
Edelmira


Maracaibo, 21 ga Janairu, 1979

Yaya,

Na gode Allah da Mama ke lafiya, ki ce mata na ji saƙon kifi. Ni ma lafiya. Amma da na kai ƙarshen takardarki, sai na ga gara ma tsoron farko.

Kun haukace ne, ke da Mama? Ƙyallen matattu za ku ɗaura wa 'yata a ƙugu ku tura ta gaban gari? Kina ba ni labarin tattara da zariya kamar in tafa miki. Kowace mace a Palmarito ta yi kuka a gaban furannin zaren nan, kallo ɗaya za su gane su. Za a ce 'yar Zenaida ta zo biki da makoki, wasu su ja 'ya'yansu gefe. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar, abin da za a riƙa tuna ta da shi ke nan har ta tsufa. Ni kuma da na shekara takwas ina wanke bayan gidan wasu don kada 'yata ta sa tsumma, a ce ko yadi na kasa turo mata.

Sannan Jacinto. Kin ce kin ɓoye tabon a baya. Kin ɓoye wa gari, ni fa? Ina tsaye a wurin kyandir ɗin ya faɗi. Ruwa ya ɗauke mini ubanta, ba zan zuba ido a naɗe ta da abin da aka yi makokinsa a kai ba. Tsoro nake ji, Yaya, na faɗa miki a fili.

Ban yarda ba. Ni na haife ta. In yadina bai iso ba ta haƙura da gaba, a ba jikar mai kantin magani, baɗi na nan. Ki karanta mata wannan da bakinki, kada ki tsallake layi ko ɗaya, na san halinki.

Zenaida


Maracaibo, 22 ga Fabrairu, 1979

Yaya Edelmira,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da Dilia. Ina fata kuna lafiya, tunda ba wanda ya ga dama ya gaya mini.

Biki ya daɗe da wucewa. Baldomero ya zo ya koma ya sake zuwa, hannu wofi. Na tsare shi, ya ce shi ranar yana hanya, bai ga komai ba, kuma ba ya shiga maganar mata. In fushi kike ki yi fushinki, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne. Na san na yi zafi. Ranar Candelaria na kunna kyandir a ɗakina na bayan kicin, na durƙusa, sai na rasa abin da zan roƙa, ta sa ko kada ta sa.

Ta yi rawar? An yi mata dariya? Tana jin haushina?

Ƙanwarki dai,
Zenaida


Palmarito, 3 ga Maris, 1979

Ƙanwata,

Lafiyarmu ƙalau, Mama sai ci, Dilia ta koma makaranta. E, fushi nake, ba zan ɓoye ba. Shekara takwas ina tsefe kan yarinyar nan, sai ki rubuto mini "ni na haife ta", kamar na ce ni na haifa. Ya wuce. Ga labarinki.

Takardarki ta iso ana jibi biki. Na karanta mata, ban tsallake ko ɗigo ba. Ta ninke siket ta ɗora a kan keke ta fita. Mama ta buɗe baki, na ce ta bari, maganar uwa da 'ya ce. Washegari da safe ta zo ta ce in nuna mata tabon. Na buɗe tattarar na nuna mata, ta daɗe tana shafa shi. Dalilinta ba ni zan faɗa miki ba, za ta rubuta da hannunta a ƙasa. Ta dai ce za ta sa, kuma in kwance ƙugun in juyo da tabon gaba. Na farke aikin da ya kusa makantar da ni, na sake ɗinkawa.

Ranar biki da la'asar sakaliya, bayan an zaga gari da mutum-mutumin Uwa Maryamu an mayar da shi coci, masu ganga da mai sarewa suka zauna tsakiyar fili. Dilia ta fito, kyandir na ci a hannun dama, hagu riƙe da bakin siket. Ba zan yi miki ƙarya ba, kin faɗi gaskiya, sun gane shi. A ɓangaren mata na ga masu yin alamar gicciye. Na ce a raina yau Zenaida ta yi nasara a kaina, kuma yarinya ce za ta biya.

Sai Otilia ta tako ta tsayar da ita tun ba ta shiga da'ira ba. Ta duƙa ta kama bakin siket tana bi tana dubawa, har ta kai wani ɗan tabon kofi da ya gagare ni fitarwa. Ta ɗora yatsa a kai, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wannan na mijina Evaristo ne. Ƙanwarsa ce ta zubar, mai rawar hannun nan." Sannan ta miƙe ta ce, "Duk zaman aurena da mutumin nan bai taɓa taka rawa da ni ba, kullum wai ƙafa na ciwo. Shiga da shi, 'yata. Yau sai ya taka, ko yana so ko ba ya so."

Mata suka kwashe da dariya, wasu na dariya suna share ido da gefen riga. Ganga ta tashi. Zenaida, da yarinyar nan ta ɗaga hannu, siket ya buɗe tas, furannin Mama na zagaye fili, fari fat a cikin hasken kyandir. Ƙafarki ce sak, har yadda kike ɗan karkatar da kai. Sai ga mata na kiran sunayen nasu da suka rasu, wannan ta ce, "Kai mini Rosendo!" waccan ta ce, "Juya da uwata!" Mama ta tashi tsaye ba sanda. Ni kuwa duk wanda ke kusa da ni, ya tambaya bai tambaya ba, sai na ce, "Ni na ɗinka." Har fada, limamin cocinmu, na faɗa wa.

Ba kowa ya yarda ba. Matar mai kantin magani har yau tana cewa abin bai dace ba, kin dai san dalilinta. Amma gida uku sun riga sun zo aron siket, ɗaya ma don bikin aure ne. Gara da na sa zariya.

Yadinki ya iso satin da ya wuce. Kai, kin iya zaɓe, na yarda. Na fito da alli zan auna wa Dilia riga, sai Mama ta karɓe shi, ta shinshina, ta ninke ta sa a adaka, a gurbin farin, ta jefa kafur a kai.

Na ce, "Mama, na Dilia ne fa."

Ta ce, "Dilia na da nata. Wannan nawa ne. Ranar da na tafi shi za ku shimfiɗa."

Na ce, "Ja? Da furanni rawaya? A makoki? Fada zai faɗi."

Ta ce, "Ya faɗi a tashe shi. Wanda ya tambaya ku ce 'yata Zenaida ce ta saya da guminta a Maracaibo."

Yayarki,
Edelmira

Mama, ni ce Dilia. Ina gaishe ki. Ki yafe mini, na saɓa maganarki. Ku manya saman tebur kuka sani, hoto da kyandir. Ni ƙarƙashi na sani. Duk kwanakin makokin Baba a ƙarƙashin teburin nake zaune, ƙyallen ya sauko ya rufe ni, ina ganin ƙafafunku, ina jin muryarki. Ba wanda ya neme ni, kuma a ciki ne kaɗai ba na jin tsoro. Da kyandir ya faɗi na ga haske a saman kaina, sai na ga inuwar hannunki ta danne wutar. Shi ya sa na ce Inna Edelmira ta juyo da tabon gaba. Ba Baba kaɗai ne a wurin ba, hannunki ma yana nan. Da shi na yi rawa.


Maracaibo, 15 ga Maris, 1979

Yayata Edelmira,

Ina lafiya, Allah ya bar mini ku duka. A kicin na sake karantawa, ban ƙona komai ba wannan karon, amma matar gida ta same ni ina kuka. Ta ce, "Mutuwa aka yi?" Na ce, "A'a, rawa aka yi." Ta kalle ni kamar na taɓu. Na zaunar da ita na karanta mata tun daga farko, dole ta ji wace ce 'yata da wace ce yayata.

Maganar da na faɗa miki na janye ta. Ni na haifa, ke kika raina, kuma hannunki ya fi bakina.

Ki ce wa Dilia babu abin yafewa. Ki ce mata tabon na nan a tafin hannuna, ban taɓa sanin akwai wanda ya gani ba. Ki ce wa Mama jan yadi sai ya daɗe a adaka yake kyau, kada ta kuskura ta yi gaggawa.

Na gaya wa matar gida baɗi Candelaria a gida zan yi, da takardu ko babu. Tunda tun asali ƙyallen aro ne, ki sa sunana a layin masu aro. Ki kuma ƙara wa zariyar tsawo, ƙuguna ba na da ba ne.

Ƙanwarki,
Zenaida